Ƙaramin Kabari a Bakin Rafi

Matar da ke sayar da kwakwa a bakin hanyar kufan Nan Madol ce ta fara ganin tsoho Pelep. Ta taso daga coci ranar Lahadi, da rigarta ta ado da lema a hannu, ta ratsa ta gaban ɗakin tarihi don ta yanke hanya. Sai ta tarar da ƙofa a wangale, Pelep mai gadin wurin kuma kwance rub da ciki a kan dakali, ruwan sama na dukan bayansa. Ta ɗauka sakau ɗin da ya sha jiya ne, ruwan saiwar nan mai bugarwa, bai sake shi ba, har ta fara yi masa tsiya. Da ta matsa ta ga jini a ƙeyarsa, sai ta yar da lemar ta kwasa da gudu.

Kafin Saje Kadalino na 'yan sanda ya iso an riga an ɗora Pelep a bayan a-kori-kura an nufi asibitin Kolonia, babban garin tsibirin, da shi, yana numfashi amma bai san inda kansa yake ba. Mutanen unguwa kuwa, Allah ya saka musu, sun tattake duk wani sawu da ruwa ya rage. Kowa ya shiga ya leƙa, kowa ya taɓa, kowa kuma ya riga ya san ɓarawon.

Ɗakin tarihin ɗaki ɗaya ne na bulo da rufin kwano, unguwa ce ta gina shi da guminta. An fasa kwaɗon ƙofa da dutse. An fasa akwatin gilashi, an kwashe abin da ke ciki tas: awarwaro na ƙwanson teku, jar tsakiya, da ƙugiyoyin kamun kifi irin na mutanen da. Duk daga babban kabarin sarakuna suka fito. Masu tono na ƙasashen waje ne suka tafi da su tun zamanin kakanni, an sha jelen duniya kafin a dawo da su. Tagar baya a buɗe take, tana kallon rafin da ke gangarawa cikin kurmin bakin teku. Dutsen da aka yi aikin da shi babu shi.

Mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratar da mutane ke nan. Ya ce wa Kadalino in kayan ba su dawo ba, zai sa a datse hanyar, ko baƙo ɗaya ba zai ƙara bi ta ƙasarsu ya shiga kufan ba.

Maganar ta dami Kadalino, ba don tarihi ba. Shi mutumin gundumar U ne, aiki ya kawo shi nan gundumar Madolenihmw, kuma abin da yake da shi a nan ƙanwarsa Merihda ce, wadda aure ya kawo, miji ya mutu ya bar ta. 'Ya'yanta sun bi jirgi ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana soja, waccan tana tsibirin Guam tana gyaran gado a otal, wani yana gidan yanka kaji a wani gari mai sanyi da ko sunansa Merihda ba ta iya faɗa. Saura autanta Rensper, wanda ya haura ashirin, shi ma idonsa na sama duk lokacin da jirgi ya wuce. A wurinmu ɗan 'yar'uwa nauyin kawunsa ne fiye da na ubansa. Da Merihda ta zo ta yi masa kuka bara, Kadalino ne ya ɗauki saiwar sakau ya je ya durƙusa gaban mai unguwa, aka ba Rensper aikin raka baƙi cikin kufai. Aikin ba ya tara wa kowa komai, amma shi ne igiyar da ta riƙe yaron a tsibiri. In an datse hanya, igiyar ta tsinke.

Ɓarawon da unguwa ta zaɓa wani ɗan Holan ne mai suna Teun, irin masu goyon jakar nan da ke bin kaburburan duniya kamar a can suka yar da wani abu. Ya ɗaura raga tsakanin itatuwan kwakwa a bayan makaranta, can yake kwana. An gan shi ya sauka cikin ramin kabarin sarakuna ya miƙe a ciki yana ɗaukar kansa hoto, wannan kaɗai ya isa a tsane shi.

Kadalino ya sa shi ya zazzage jakarsa a kan tabarma. Tukunya, gwangwanin kifi, riguna masu tsami, taswira da ruwa ya ci. Babu awarwaro, babu tsakiya.

"Ina kake da safe, lokacin coci?"

"A nan. Ina zan je da wannan?" Ya kwance tsumman da ya naɗe ƙafarsa. Dutsen teku ya yanke shi a kufai, wurin ya kumbura ya yi ruwa, har da wari. Wanda ko takalmi ba ya shiga ƙafarsa ba zai dira ta taga ba.

Baturen akwai surutu, kamar duk mai tafiya shi kaɗai. Ya ba da labarin kufan da ya gani a ƙasashe, ya ce ba wanda ya kai namu ban tausayi, don teku na cin sa a tsaye kuma kowa na kallo. Ya ce Rensper ne ya raka shi, yaron kirki, bai karɓi komai ba sai ƙaramar jakarsa ta biyu da ya nuna yana so. Sau ɗaya kawai suka saɓa. Sun tsaya a rafi, ya ga manyan kemisik, kifayen nan masu kama da maciji, ya ce a ƙasarsu ƙyafe su ake yi a ci da burodi. Rensper bai ƙara yi masa magana ba har suka dawo.

"In kana neman mai son tsofaffin kaya," in ji shi, "je ka Kolonia. Akwai wani Kyaftin Doyle mai ƙaramin jirgin ruwa. Duk matafiyin da ya gani sai ya tambaye shi ko ya tsinci wani abu a kabari. Rensper ya san shi, ya ma taɓa kawo shi nan kufai."

Kadalino ya buga wa abokin aikinsa a Kolonia waya. Amsar ba ta yi daɗi ba. Doyle ya kwashe safiyar Lahadi a wani gidan abinci a bakin tashar ruwa, yana cin ƙwai yana zagin mai dafawa, mutane da yawa sun gan shi.

Saura Ihper mai kwalekwale, wanda kowa ya san ba sa ga maciji da Pelep. Shi yana shigo da baƙi kufai ta teku, Pelep yana cewa yana zagaye unguwa ne don kada ta amfana. Kadalino ya same shi ranar Litinin yana ɗinkin koma, bakinsa jajur da goron tsibiri.

"Sannu da zuwa, Saje. Ka zo ka kama ni, ko kifi kake so?"

"An ji ka ce wata rana sai ka fasa kan tsohon nan."

"Na faɗa. Na kuma ce sai na auri 'yar fasto, ka gan ta a gidana?" Ya tofar da yawu. "Jiya da safe ruwa ya janye, ina can bayan duwatsu na maƙale da baƙi 'yan Japan, mun zauna cikin ruwan sama muna jiran teku ta dawo. Tambaye su, har yanzu ba su huce ba." Ya sauke murya. "Yaya jikin nasa?"

Kadalino ya ce sai addu'a. Ihper ya koma kan komarsa.

Haka saje ya dawo ɗakin tarihi hannu rabbana. Ya riga ya san irin wannan bincike, a yi ta zagaye har maganar ta mutu, kamar yadda kome ke mutuwa a nan a hankali. Don kada a ce bai yi komai ba, ya zagaya baya ya tsaya ƙarƙashin tagar, ya tambayi kansa ina mutum zai kai dutse mai jini. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga rafi. A cikin gurbin da ruwa ya yi zurfi ya lalubo shi, guntun baƙin dutse irin na bangon kufai, gefensa ɗaya da sabon karce na ƙarfe. Kemisik suka fito daga ƙarƙashin saiwoyi suna shafar ƙafafunsa, don sun saba yara na ba su ragowar kifin gwangwani. Ya ce musu sannu a hankali, kamar yadda uwarsa ta koya masa.

Yana fitowa ta ɗaya gaɓar ya ga wurin. Ƙasa ce sabuwa da aka tona aka mayar, tsawon hannu, an jera ƙananan duwatsu a kewaye. A kai an ɗora rawanin furanni, ruwa ya bubbuge shi.

Ya ce a ransa kayan satar ne. Ya tona da yatsu. Ya ci karo da ganyen ayaba a naɗe, an ɗaure da zaren kwakwa. Da ya kwance, ƙamshin man kwakwa ya bugi hancinsa. Kemisik ce babba, kanta a farfashe, an wanke ta, an shafe ta da mai tun daga kai har wutsiya.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya mayar da ita yadda ya same ta, ya rufe, ya gyara duwatsun. Rawanin kaɗai ya ɗauka.

Babu ɗan tsibirin nan da ke cin kemisik da daɗin rai, amma yawancin mutane in sun ga matacciya turewa suke yi da ƙafa su wuce. Dangi ɗaya ne ke yi mata sutura kamar mutum, su Lasialap, da suke cewa daga cikinta suka fito. Gidansu U ne. A wannan unguwa kuwa ba su da yawa. Akwai malamar makaranta da aure ya kawo, ita kuma ranar Lahadi ita ke jan waƙa a coci, jama'a duka sun ji muryarta tun daga farko har amin. Akwai shi Kadalino. Akwai Merihda. Dangi kuma ta uwa ake gadonsa.

Ya juya rawanin a hannunsa. Ƙullin bayansa ya karkata hagu, irin na bahaguwa. Tun suna yara ake yi wa Merihda dariya a kan wannan ƙulli, kuma ita ke saƙa wa ɗanta rawunan da yake ɗora wa baƙi a ka.

Ranar bai je gidanta ba. Ya ce wa kansa sai ya ƙara tabbatarwa, alhali ba abin da ya rage a tabbatar. Tsoro ne kawai, kuma ya san tsoro ne.

Da safiyar Talata ya same ta tana zuba wa aladu abinci. Ta ce Rensper ya yi sammako ya bi motar haya zuwa Kolonia, wai zai tarbo baƙi, jiya ma can ya wuni. Ta ce tun Lahadi ba ya cin abinci, tausayin Pelep ya kama shi, ai tsohon ne ya koya masa sunan kowane dutse a kufai. Ranar Lahadin ma bai je coci ba, ciki ya dame shi.

"Yaya, in gari za ka, tsaya in bi ka. Na dafa wa iyalin Pelep doya."

Ya nemi hanyar hana ta, bai samu ba. Ta hau gaba da kwano a cinya, ta yi ta magana a hanya, shi yana amsawa da ka. Ta ce ta san zai gano ɓarawon, a buɗe hanya, ɗanta ya ci gaba da aikinsa. A ƙofar asibiti ya tsaya ya jira ta. Ba ta daɗe ba ta fito da kwanon a rufe yadda ta shiga da shi, tana share ido da gefen riga. Pelep ya cika da asuba.

Ya tuƙa zuwa inda ƙananan jiragen ruwan baƙi ke tsayawa. Tun daga nesa ya hango Rensper zaune a ƙarshen gadar katako, ya sa rigarsa ta coci da takalmi sau-ciki, ba jaka ba komai, yana kallon ruwa. Kadalino ya ce wa Merihda ta jira a mota. Ya je ya zauna kusa da shi, ya ajiye rawanin a tsakaninsu.

Rensper ya kalli furannin, ya sha jinin jikinsa. Bai yi ƙoƙarin gudu ba, ina ma zai je.

"Ina jirgin Doyle?"

"Ya tafi, Kawu."

"Da jakar?"

Ya gyaɗa kai. Maganar ta fito a gutsuttsure. Doyle ya yi masa alkawarin gurbi a jirgi, ya zama yaron aikinsa har ƙasashen kudu, in ya kawo masa abin da ke cikin akwatin gilashi. Jiya ya miƙa masa jakar da Teun ya ba shi, da kayan a ciki. Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce ya dawo yau da safe da fasfo. Da ya zo, masu wankin kwalekwale suka ce tun jiya da yamma jirgin ya fita teku.

"Wa ya gaya maka ni ne?" in ji Rensper.

"Kai ka gaya mini," in ji Kadalino. "Ka zaɓi lokacin coci don ba kowa. Ka manta Pelep ya daina zuwa coci tun da matarsa ta rasu. Ya tarar da kai, dutse na hannunka. Ka dira ta taga, ka jefa dutsen a gurbi don ruwa ya wanke shi, ya faɗa a kan kemisik. Da Baturen nan ne, da ya ƙyafe ta ya ci da burodi. Da Ihper ne, da ya ture ta da ƙafa. Kai ka tsaya, da kayan sata a bayanka, ka yanko ganye, ka ciro man da kake shafa wa baƙi saboda sauro, ka yi mata abin da uwarka ta koya maka."

"Ba zan iya barin ta haka ba, Kawu. Tana ta motsi a ruwa."

"Pelep ma yana motsi."

Rensper ya rufe fuska da hannu. Ya ce bai yi niyya ba, tsohon ya riƙe masa riga yana kiran sunansa, shi kuma so yake kawai ya sake shi. Ya ce ya ɗauka suma ce. Ya ce kayan ma wa suke amfana, teku na cinye kufan, baƙi na raguwa kowace shekara, kowa ya tafi an bar shi yana nuna wa mutane kaburbura.

Kadalino bai yi masa musu ba, don yawancin abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Cewa kawai ya yi, "Ka yi wa kifi wanka, ka shafa mata mai, ka ɗora mata fure. Mutum yana bayan bango kwance cikin ruwan sama, ko juya shi ba ka yi ba. Ya rasu yau da asuba."

Katako ya yi ƙara a bayansu. Merihda ce, ba ta jira a mota ba. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye. Ta dubi rawanin, ta gane ƙullinta, ta dubi ɗanta. Ba ta yi ihu ba. Ta tsuguna a inda take.

Da sata ce kaɗai, da akwai hanya. Kawu ya ɗauki sakau da alade, dangi su bi bayansa, a je a durƙusa gaban mai unguwa, in ya karɓi ƙoƙon ya sha magana ta ƙare. Amma kaya sun bi teku, hanyar kufai za ta rufu, ga gawa a asibiti. Ba sakau ɗin da zai wanke wannan a gaban alƙali.

Bai sa masa ankwa ba. Su uku suka matsu a gaban mota, Rensper a tsakiya, kwanon doya a ƙafafun uwarsa. Suka iso mararraba, inda hanya ɗaya ke bin gadar teku zuwa filin jirgin sama, ɗaya ke hawa cikin gari zuwa caji ofis. Wata babbar mota ta tare su, Kadalino ya taka burki.

Merihda ta miƙa hannu ta kan ɗanta ta riƙe hannun yayanta a kan sitiyari.

"Yaya, akwai jirgin Guam yau da rana. Fasfonsa na aljihunsa." Ta ƙara matse hannunsa. "Ba wanda ya sani sai mu. Zan sayar da aladun duka. Kai shi filin jirgi, don girman Allah, ya tafi. Ko ba zan ƙara ganin sa ba, ya tafi."

Ya dubi ƙanwarsa, matar da ta shekara tana roƙonsa ya riƙe mata yaron nan. Ya tuna Baturen mai ruɓaɓɓiyar ƙafa da unguwa za ta cinye ɗanye in aka wayi gari ba mai laifi. Babbar motar ta wuce, na baya suka fara danna oda.

A hankali ya cire yatsunta daga hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mata da hannun kan cinyarta. Sannan ya juya kan motar ya hau cikin gari.